MUTUM GOMA A TAMBUTU

Mai karatu, kai da ke ciniki nesa da garinku. Ka san halin baƙunci. Yau ga labarin waɗansu baƙi 'yan kasuwa da ɗakin addu'arsu.

Yahudawa suna kiran ɗakin addu'arsu majami'a. Bayan Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, sai majami'a ta zama cibiyar jama'a. Shugabanta shi ne rabbi, wato malami. Ba firist ba ne. Yana koyar da Attaura, yana raba gardama, yana duba aure da saki da yanka. Amma ga doka guda: ba a yin addu'ar jama'a sai maza goma sun hallara, kowa ya kai shekara 13. Ko malami ya fi kowa sani, in su tara ne, sai su jira. Suna karanta Attaura ran Asabar, da Litinin, da Alhamis. Bisa ga al'adarsu an zaɓi Litinin da Alhamis domin ranakun kasuwa ne, mutanen ƙauye suna shigowa gari.

To, me ya haɗa wannan da ƙasarmu? Ka san sunan Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan sarauta. Kafin ya zo Kano yana Tuwat, cikin hamadar da ke ƙasar Aljeriya yanzu. A can, a garin Tamantit, akwai Yahudawa maƙera da fatake, suna da majami'arsu. Magili ya ce a rushe ta. Alƙalin wurin, Al-Asnuni, ya ce a bar ta. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da tambaya, su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A wajen 1492 aka rushe majami'ar, aka kashe mutane, saura suka watse. Daga baya Magili ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu, aka kuwa hana Yahudawa ciniki a ƙasar Songai.

Shekara fiye da 350 suka wuce. Sai ga wani mutum, Mordekai Abi Serur. An haife shi a 1826 a Akka, kudancin Maroko. Tun yana yaro ya fita neman ilimi, har ya kai Urushalima, ya zama rabbi. Da ya komo gida ya tarar da danginsa cikin talauci, sai ya shiga fatauci. Shi da ɗan'uwansa Ishaku suka bi ayarin raƙuma, aka tsare su a Arawan, a wajen 1860 suka shiga Tambutu. Fataken Maroko da ke can ba su so ba, gama sun ga abokin takara. Mordekai ya nemi izni wurin sarkin Masina a Hamdallahi, ya samu, bisa sharaɗin biyan haraji kowace shekara.

Ciniki ya yi albarka. Amma dubi abin da ya dame shi. Su biyu ne kaɗai. Yana da ilimi, yana da dukiya, ba shi da jama'a. Daga baya ya sake ƙetare hamada zuwa Akka, ya kwaso 'yan'uwansa, har suka kai maza 11 a Tambutu. Daga nan addu'ar jama'a ta yiwu.

Abin bai daɗe ba. Mahara suka faɗa wa ayarinsa, dukiya ta ƙare, ya koma Maroko hannu wofi. A 1870 aka buga labarinsa a Faris. A 1883 da 1884 shi ne ya yi wa Bafaranshe Charles de Foucauld jagora cikin Maroko. Ya rasu a birnin Aljiyas a 1886. Jama'ar tasa ta Tambutu ita ma ta watse.

Mai karatu, ga abu biyu da za ka riƙe. Na fari, malami ba ya tsayawa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kana zaune a zango, kada ka ce zuwanka wurin taron ibada ba kome ba ne. Wataƙila kai ne na goman da ake jira.

Na biyu, zaman baƙo yana hannun mai gari. A Tamantit alƙali ɗaya ya tsaya wa baƙi, bai yi nasara ba, amma har yau ana tunawa da sunansa. Kai ma baƙo ne a wani wuri, mai gida ne a wani wuri. Yadda kake so a riƙe ka a garin mutane, haka za ka riƙe wanda ya sauka a naka, ko addininku ba ɗaya ba ne.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai wani jiƙon.