Yadda Aka Gano Ƙofar Mitokondiriya

A shekarar 1964, a birnin Viyana, Gottfried Schatz da abokan aikinsa Ellen Haslbrunner da Hans Tuppy suka nuna cewa mitokondiriyar yis tana da DNA nata na kanta. Yis ɗin nan dai da mai gidan burodi ke zubawa a fulawa don ta kumbura. Ita kuwa mitokondiriya wani ɗan ɗaki ce a cikin ƙwayar halitta, inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Tantani biyu ne suka kewaye ta, na waje da na ciki, kamar gari mai ganuwa biyu.

Murnar wannan ganowa ba ta daɗe ba, don kuwa da aka ƙidaya sai aka ga DNA ɗin bai taka kara ya karya ba. A jikin yis furotin takwas kacal yake samarwa, alhali mitokondiriya tana aiki da kusan dubu. Ragowar duk a waje ake ƙera su. To ta ina suke shiga, kuma wa ke nuna musu hanya?

Amsar farko da ta zo wa masana ita ce ana cusa furotin ne tun ana cikin ƙera shi. Suna da hujja. A farkon shekarun 1970 Ronald Butow, a Amurka, ya ga ribosom, wato injinan da ke ƙera furotin, manne da bangon mitokondiriyar yis. Haka kuma a 1975 Günter Blobel ya nuna cewa a wani sashe na ƙwayar halitta haka abin yake faruwa. Sai wani Bajamushe, Walter Neupert, ya zo da abin da ya saɓa. Shi ba da yis yake aiki ba, da wata funfuna ce mai ruwan lemo da ke fitowa a jikin burodi, wadda masana ke kira Neurospora crassa. A 1977 shi da mutanensa suka bi sawun sabbin furotin, suka ga an gama ƙera su a waje tsaf, sun ɗan zauna, sannan suka shiga.

Bayan shekara biyu Schatz, wanda a lokacin ya koma Basel ta Suwizalan, ya haɗa hannu da Blobel suka gano cewa wasu furotin na yis sun fi tsawo kafin su shiga. Akwai wani ɗan ƙari a kansu, galibi amino asid goma sha biyar zuwa hamsin, da ake datsewa da zarar sun isa ciki. Wannan ƙarin shi ne adireshi.

Gwaje-gwaje biyu da suka biyo baya su ne suka fi burge ni a duk tarihin nan, domin babu wata na'ura mai tsada a cikinsu, dabara ce zalla. A 1984 ɗakin binciken Schatz ya ɗauko wani furotin na ɓera mai suna DHFR, wanda ba shi da hurumi a mitokondiriya, aka liƙa masa adireshin wani furotin na yis. Baƙon ya shige ba tare da an tare shi ba. Ashe mai gadin ƙofa takarda yake dubawa, ba ruwansa da fuska. A 1986 kuma Martin Eilers da Schatz suka sake gwajin, amma suka ƙara methotrexate, maganin da likitoci ke ba masu ciwon daji. Maganin yana kama DHFR ya riƙe shi a naɗe gam. Da aka yi haka sai furotin ya maƙale a bakin ƙofa, ga adireshi a kansa amma shiga ta gagara. Daga nan aka gane cewa furotin kamar rawani yake: a naɗe ba ya bi ta ƙofar, sai an warware shi ya zama tsiri ɗaya, idan ya shiga a sake naɗa shi.

Tun 1982 ɗakunan binciken Schatz da na Neupert suka nuna cewa ƙetare tantanin ciki yana buƙatar bambancin cajin lantarki tsakanin ciki da waje, shi ke fizgo adireshin. Daga baya aka gano wani furotin, Hsp70, da ke jira a ciki yana cafke abin da ya leƙo. Ko yana ja ne da ƙarfi, ko kuwa yana hana shi komawa baya ne kawai, wannan muhawara ta daɗe tsakanin mutanen Basel da na Munik, inda Neupert ya zauna. Gasa ce mai zafi, kuma a ganina ita ta sa aikin ya yi sauri, tunda duk abin da ɗaya ya ce a kan yis sai ɗayan ya gwada a kan funfuna.

Ita kanta ƙofar a 1989 aka fara kama sassanta. Kowane ɗaki ya raɗa wa nasa suna, wannan ya ce ISP, wancan ya ce MOM, har mai karatu ya rasa gane ko abu ɗaya ake nufi. Sai a 1996 masana suka taru a kan suna ɗaya: TOM ga ƙofar waje, TIM ga ta ciki. Hanyoyin da aka gano daga baya, irin su SAM a 2003 da MIA a 2004, sun nuna cewa furotin da yawa ba su da adireshin da ake datsewa, nasu a ɓoye yake a tsakiyar jikinsu.

Mai tambayar amfanin wannan wahala a kan funfunar burodi ya duba wata cutar gado da ake kira Mohr-Tranebjærg, wadda ke kurumtar da yara maza ta kuma murɗe musu gaɓoɓi. A 1999 aka gane cewa furotin da ya lalace a jikinsu ɗan'uwan wasu ƙananan furotin ne na TIM da aka riga aka sani a yis.

Cikakken hoton ƙofar TOM, mai ramuka biyu gefe da gefe, ya fito a 2017 daga Frankfurt, kuma daga jikin funfunar Neupert aka ɗauke shi. Neupert ya rayu har ya gani, ya rasu a 2019. Schatz kuwa ya riga ya rasu tun 2015.