Karen Azawak da Tarihin Farfaɗiya a Jininsa

Mafarautan Matamaye da kewayen Kantce, a jihar Damagaram, sun daɗe suna fita farautar rani da karnuka, kuma abin da suke dubawa a jikin kare shi ne gudu da juriya. Haka ma Buzayen kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suka raini dogon karensu, wanda tsayin namijinsa kan kai santimita 74. A farkon shekarun 1970 aka kai 'yan ƙalilan daga cikin irin wannan kare Yugoslabiya da Faransa, aka yi ta haɗa dangi da dangi don a samu siffar da ake so a gasa. Yau farfaɗiya na cikin cututtukan da masu kiwonsa a Turai da Amurka suke sa wa ido. A ganina, ƙarancin iri ne ya ba cutar gindin zama.

Wani zai ce ai cutar tana nan gida ma, rubutawa ne ba a yi. Wannan magana tana da ƙarfi, domin gado ba ya faɗowa daga sama. Amma a daji karen da ke faɗuwa ba ya kama zomo, ba kuma a neman 'ya'yansa. Akwai kuma shaidar cewa cutar na bin jini: binciken Jami'ar Helsinki na 2012 kan karnukan kiwon tumaki na Beljiyam ya gano wurin da ke da alaƙa da cutar a ƙwayoyin gado. Saboda haka ya kamata likitocin dabbobi na jihar Damagaram su riƙa rubuta abin da mafarauta suka sani game da asalin karnukansu.