Sayen dabo: tarihin wata haja a ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

A shagunan masu dabo na Turai da Amurka ana sayar da wata haja wadda kasuwanninmu ba su saba da ita ba, wato wasa sukutum. Mai saye ya biya, a aiko masa da kayan aiki, da bayanin dabarar da ke ɓoye, da rubutaccen zancen ban dariya, har da wurin da zai dakata ya kira wani daga cikin masu kallo ya fito fage. Sana'ar ta daɗe, don shagon Mayette na birnin Paris ana danganta kafuwarsa da shekarar 1808. A yau duk saurayin Caduwa ko Tsibiri da ke riƙe da wayar salula yana iya cin karo da tallar irin wannan haja. Tambayar da wannan ɗan nazari ya sa a gaba ita ce ko ta cancanci kuɗinta a wurinsa. A ganinmu amsar tana cikin tarihin fagen da za a kai wasan, ba cikin akwatin da aka aiko ba.

Mu fara da kalmomi, tun da a nan ne takardun Faransanci suka fi ruɗa mu. Kalmar « magie » ita kaɗai tana ɗauke da abin da Hausa ta rarraba. Akwai dabo da rufa-ido da siddabaru, waɗanda suka fi karkata ga saurin hannu da yaudarar gani, kuma haka Bargery (1934) ya fassara dabo a ƙamusunsa. Akwai tsafi, wanda ke da alaƙa da iskoki da yanka. Akwai sihiri da asiri, dukansu aro daga Larabci, na biyun asalinsa sirri ne kurum, amma a bakin Bahaushe ya zama abin da ake yi wa mutum. Sai magani, wadda ta fi su faɗi duka: ta haɗa sassaƙe da laya da rubutun sha. Abin lura shi ne iyakokin nan a ƙamus suke da tsabta. A fage, mai kallo ba ya cewa ya ga dabara. Cewa yake mutumin nan ya sha magani. Ko rufa-ido kanta ba ta kuɓuta ba, domin duk wanda ya yi karatun allo zai tuna da matsafan Fir'auna a Suratul A'araf, waɗanda aikinsu a kan idanun mutane ya kasance.

Yankin da muke magana a kai yana da tarihin da ya ba waɗannan sana'o'i wurin shaƙatawa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na da suka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A ƙasashen da suka bi Sakkwato, rubuce-rubucen Shehu Usmanu, irin su Nurul Albabi, sun sa sihiri da duba cikin abubuwan da ake yaƙa. A nan kuwa Iya a Maraɗi da Inna a Gobir suka ci gaba da shugabancin bori daga cikin fada, Azna kuma suka riƙe al'adunsu a ƙauyuka. Guy Nicolas (1975) ya nuna yadda kowane dangi na Azna yake da gadonsa, na noma ko farauta ko ƙira, kuma ikon da ake nunawa a bainar jama'a daga wannan gado yake fitowa. Maƙerin da ya yi wasa da wuta ba ya burge kowa da sabon abu; tabbatarwa yake shi ɗan gidan ne. Haka ƴan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jiki.

Kada a ɗauka daga nan cewa ba a saye. Shi Nicolas ɗin, a littafinsa na 1986 kan kyauta da ciniki, ya bayyana yadda biyun suke saƙe da juna a ƙasar Maraɗi. Magani ana sayensa tun da can. Ɗan tauri yana neman na ƙarfe a wurin wanda ya fi shi, gardi yana bin maigida shekaru kafin a ba shi na maciji ko na kura, malami kuma yana karɓar kafin alƙalami. Sai dai abin da ake saye ba ya rabuwa da mai sayarwa. Tare da laya ake ba da sharaɗi, da suna, da izinin cewa daga gidan wane aka samo. Yaron gardi, a shekarun da yake ɗaukar kaya, ba sirrin kwando yake koyo ba, don wannan a wuni ɗaya ana gama shi. Yana koyon yadda ake tara mutane a kasuwar da ba a san shi ba, da yadda ake gane mai kuɗi a cikin taro, da lokacin da ake yin shiru.

Zamanin gyaɗa ne ya faɗaɗa wannan fage. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bazu zuwa arewa, kuma a shekarun 1950 da 1960 kasuwannin mako da ke kan hanyar Gidan Rumji, Maraɗi, Caduwa, Agye, Gazawa zuwa Tasawa sukan cika da kuɗi bayan kaka. Inda manomi ya karɓi kuɗin gyaɗa, nan maroƙi da gardi da mai dabo suke jiransa, tare da ƴan wala-wala, waɗanda suka ɓata wa sana'ar suna ƙwarai. Farin 1968 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki. To amma tsarin fagen bai sake ba, kuma shi ne ya kamata mai niyyar saye ya duba da kyau.

Da farko fagen nan da'ira ne. Wasan da aka tsara wa dandamali ya ginu a kan cewa masu kallo suna zaune a gaba, baya kuwa labule ne. A kasuwar Agye babu baya. Akwai yara a ƙasa, akwai wasu a kan amalanke, akwai na kan katanga. Dabarar da ta dogara da ɓoye abu a bayan hannu ko bayan teburi ta mutu tun kafin a fara. Sa'an nan kuɗi: Bature yana yankar tikiti kafin ya shiga, saboda haka wasan da aka rubuta masa yana tafiya kai tsaye zuwa ƙarshensa. A wurinmu ana biya a tsakiya. Mai wasa yakan kai jama'a bakin abin mamaki ya tsaya, ya ce ba zai buɗe ƙwarya ba sai an jefa dala ashirin ashirin, ya yi wa wani kirari, ya yi wa marowaci habaici. Wannan tsayawa ita ce sana'ar, kuma babu ita a takardar da aka saya. Har wa yau, kasuwar mako mutane ɗaya ne ke cinta. Abin da aka gani yau, mako mai zuwa an riga an yi gardamarsa a majalisa, wani ma ya gano bakin zaren.

Batun kiran mai kallo ya fi waɗannan nauyi, kuma a nan misalin Robert-Houdin yake da amfani. A shekarar 1856 hukumar mulkin mallaka ta gayyato shi Aljeriya don ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa abin mamakin Faransa ya fi na shehunansu. Ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga ƙaramin akwati, ya ɗaga. Ya ce ya zare masa ƙarfi, sai akwatin ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisun lantarki. Daga baya aka sakar masa lantarki a hannu, mutumin ya fita a guje. A Paris wannan wasa abin dariya ne. A Aljeriya ya zama wulaƙanta namiji a gaban sarakunansa, kuma da gangan aka yi. Kayan aiki ɗaya, zance kusan ɗaya, ma'ana ta juye saboda wanda aka kira da waɗanda ke kallo. (Graham Jones ya sake bin wannan labari a littafinsa na 2017, ga mai son ganin yadda ya shafi ra'ayin masana kan « magie ».)

Wasan da ake sayarwa yana ɗauka cewa wanda aka kira baƙo ne ga sauran, za a yi masa dariya minti biyar ya koma kujerarsa a manta. A Gangara ko Cadakori ba haka ba ne. Mutumin da ka ciro ƙwai daga hularsa, watakila surukinsa na tsaye a gefe, ko ɗan farinsa, kuma sunan da aka laƙaba masa ran nan zai bi shi har tsufa. Matar aure ba a ma kawo zancen kiranta. Dattijo ana ce masa ku, ana ce masa baba. Ba a kama hannunsa a ce rufe idonka. Waɗanda suka rage su ne yara, da samari, da baƙo, da abokin wasa. Wannan na ƙarshe shi ne babbar ƙofa. Bagobiri yana da izinin ya yi wa Bazabarme ko Bayarabe abin da ba zai yi wa ɗan garinsu ba, haka Bafillace da Babarbare, haka taubasai, haka jika da kaka. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014, amma masu wasan kasuwa sun riga ta sanin darajarta: tambayar farko ga wanda ya fito ita ce daga ina, ɗan wace ƙabila, kuma amsar ce ke nuna iyakar ba'ar da za a yi. Idan kuwa aka ga mai wasa kullum baƙo yake kira, sai a ce yaronsa ne ya saje cikin taro, yadda ƴan wala-wala ke yi.

Rubutaccen zancen shi ne kashin da ya fi tsada a hajar, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Dariyarsa ta rataya ga wasa da kalmomin wani harshe da kuma abubuwan da ba su da gurbi a nan, kamar miji da mata su fito tare a yi musu tsiya. Gidley (1967), a nazarinsa kan ƴan kama, ya nuna inda dariyar Hausa take samo ƙarfinta: ɗan kama yana ɗaukar muryar malami da salon karatunsa, ya cika su da tuwo da nama da fura. Wanda bai taɓa jin karatun zaure ba, ba zai yi dariya ba. Wanda ya ji kuwa ba ya buƙatar bayani. Ko a zamanin samariya, lokacin Seyni Kountché (1974 zuwa 1987), da wasan kwaikwayo ya hau dandamali sosai, Janet Beik (1987) ta tarar ƙungiyoyin ba sa haddace rubutu. Sukan yarda a kan ƙashin labari, kowa ya sa masa nama da bakinsa, kamar yadda ake gani a wasannin Yazi Dogo da abokansa a Damagaram. Mutanen da ba su haddace nasu ba, da wuya su haddace na wani a fassare.

Saura wata matsala wadda ta fi ta harshe wuyar warwarewa. A tsohon tsari, abin mamakin talla ne. Gardi ba da maciji yake cin abinci ba, da maganin da yake sayarwa bayan an ga macijin bai yi masa kome ba. Ribar ke nan tana tare da imanin mai kallo cewa akwai asiri. Mai dabon Turai na yau akasin haka ya gina sana'arsa: kowa ya san ƙarya ce, gwanintar ƙaryar ake biya. Saurayin da ya sayi wasan nan dole ya zaɓi ɗaya. In ya bari a ɗauka asiri ne, ya shiga gonar da ta yi zafi tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya yi ƙarfi a Maraɗi. Ba a manta da tarzomar Nuwamba 2000 ba, inda aka kai wa mashaya da wuraren ƴan bori hari a garin. In kuma ya fito ya ce dabara ce kawai, ya rasa abin da zai sayar bayan wasa, kuma yara za su taru su ce a nuna musu yadda aka yi.

Hanya guda da muke gani tana ɓullewa ita ce ta ɗan kama, domin shi ne kaɗai al'ada ta yardar wa ya yi kamar yana da ilmi alhali kowa ya san ciki ne ya kawo shi. Mai bakin irin wannan, in ya shigo a matsayin bokan ƙarya wanda aikinsa ke watsewa sau biyu kafin na uku ya ci ba zato, ya sami dariya da mamaki tare, malamai kuma ba su da abin kamawa tun da boka ake yi wa dariya. Shi wannan yana iya sayen kayan aikin, in ana yinsu a tsakiyar da'ira, in kuma maƙeri ko tela na gari zai iya gyara su idan sun lalace. Takardar zancen ya bar ta a akwati. Wurin da zai mai da kuɗinsa ma ba kasuwar mako ba ce. Bikin aure ne, da bikin ƙarshen shekara a makarantu, da gidajen matasa, da tarukan wayar da kai da ƙungiyoyin raya karkara ke shiryawa a ƙauyukan Agye da Gazawa, inda mai gayya ke biya tun kafin a buga ganga, kuma inda yaran da za a kira fage suke ɗaga hannu da kansu.