Ciwon idon da ake ɗauka afolo ne: ɗan tarihinsa 🧵

1/ Ƙanina na ɗan shekara 7 idonsa ya fara ƙaiƙayi da hawaye, ko rana ba ya iya kallo. Farin idon ya koma ruwan ƙasa. A gida aka ce afolo ne, a makaranta aka ce ya zauna gida kar ya shafa wa yara. Ashe ba shi ba ne. Likitoci na kiran ciwon VKC.

2/ Likitan ido Arlt ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1846, bayan ya ga kumburi a kewayen baƙin idon wasu matasa. A shekarun 1870 wani Bajamushe, Saemisch, ya raɗa masa sunan kakar da furanni ke tohowa a Turai bayan sanyi, don lokacin yake tashi a can.

3/ Sunan dai na Turai ne, amma ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙura: Afirka ta Yamma, Gabas ta Tsakiya, Indiya. A nan yaro kan shekara da shi, babu hutu.

4/ Afolo kuwa ƙwayar bairos ce, an fara ganin annobarta a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata. Tana yaɗuwa, ta wuce cikin kwanaki. VKC borin jini ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Ya fi kama yara maza 'yan ƙasa da 10, yawanci yana lafawa bayan balaga.

5/ Wajen 1950 aka fara ɗiga sitiroyid a ido. Ƙaiƙayi na tafiya nan take, amma ba a jima ba likitoci suka gano yawan ɗiga shi na kawo hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Shi ya sa aka ci gaba da neman madadi, har a 2018 Tarayyar Turai ta amince da ɗigon saikulosforin don yaran da nasu ya tsananta.

6/ Mu ma wata shida muna sayen ɗigo a kemis, ba mu san sitiroyid ba ne. Allah Ya sa likita ya auna idon da wuri.

7/ In akwai yaro a gidanku mai murzar ido kullum, don Allah ku kai shi asibitin ido. Ciwon kan wuce, idon ne muke so ya kai lokacin lafiya.