Tarihin Wayar da ke Yi wa Likita Jagora a Jijiyar Jini

Tun zamanin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban ɗabibin Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ma'abota ilimin ɗibbu sun san yadda ake zura bututun azurfa cikin mafitsara. Amma jijiyar jini, saboda ƙuncinta da raunin bangonta, ta daɗe tana gagarar masana, har zuwa 1929, sa'ad da wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa, ya tura shi har zuciya, sa'an nan ya ɗauki hoto domin ya zama hujja. Duk da haka mushkila ba ta kau ba, gama ko dai a tsaga fata a tono jijiya, ko kuwa a soka ƙatuwar allurar da bututu zai bi ta cikinta, ta bar kafa mai zubar da jini.

Wanda Allah ya hore wa warware wannan al'amari shi ne Sven-Ivar Seldinger, likitan ɗaukar hoto a asibitin Karolinska da ke ƙasar Suwidin, wanda ya bayyana dabararsa a 1953: a soka ƙaramar allura, a zura waya mai laushi ta cikinta, a zare allurar a bar wayar, a saka bututu ya bi bayanta, daga bisani a janye ta. Tartibin aiki kaɗai ya sake, amma a ganina ba a yi wata hikima da ta fi wannan amfani a fannin nan ba. A 1964 Charles Dotter, a Portland ta Amurka, ya bi wannan tafarki ya buɗe toshasshiyar jijiyar cinyar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ƙafar kuwa ta tsira.

Sharuɗɗan da likitoci ke auna waya da su a yau, kowannensu wata wahala ce ta haife shi. Lokacin da Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a 1977, guntuwar waya ce manne a bakin bututunsa, ba ta motsi ita kaɗai, saboda haka jijiyoyi masu lanƙwasa suka yi wuyar kaiwa. Sai a farkon shekarun 1980 John Simpson ya fito da wayar da ke tafiya daban, ta riga bututu shiga. Daga nan aka shiga tambaya: in likita ya murza gindinta a waje, shin kanta zai juya daidai gwargwado a ciki, ko zai tsaya ya fizge gaba ɗaya? Kaurin wayar zuciya bai wuce inci 0.014 ba, tsawonta kuwa yakan kai santimita 300 in ana nufin sauya bututu a kanta, kuma ana so kanta ya yi laushi don kada ya huda bango, jikinta ya yi ƙarfi don ya ɗauki kaya. Taurin kan nan da giram ake auna shi: wayar yau da kullum ba ta kai giram 1 ba, alhali wadda ake huda tsohuwar toshiya da ita tana kai 12. Akan sa filatinam a kan domin ya fito sarai a hoto.

Kamfanin Terumo na Japan ya kawo waya mai rufin da ke santsi kamar kuɓewa da zarar ya jiƙe, ta riƙa ratsa inda wasu suka kasa. Sai dai ni'imar tana da illa, domin santsin yana rage abin da likita ke ji a yatsunsa, har waya ta kauce ta shiga ƙarƙashin bangon jijiya bai sani ba. Shi ya sa za ka ga gwani ya lanƙwasa kan wayar da kansa a jikin allura, ya kafa ido ga allo, yana murzawa sannu sannu tsakanin babban yatsa da manuni, in ya ji turjiya ya tsaya, ya ja baya. Galibin ƙwararru da waya mai laushi suke farawa, ba sa ɗauko mai tauri ko mai santsi sai larura ta tilasta, kuma da sun ƙetare toshiyar sukan mayar da mai laushin.