Gandun Bayi Ya Zama Gidan Biki

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wannan ne ya sa nake so mu ɗan waiwayi wani ciniki da ake yi a kudancin Amurka, watau saye da sayar da tsofaffin gandayen bayi a matsayin gidajen alfarma.

Bari in kawo misali guda. A Jihar Luwiziyana, a bakin kogin Misisipi, wani attajiri mai suna John Randolph ya kammala ginin gidan Nottoway a 1859. Ɗakuna 64 gare shi, kuma bayi fiye da 150 ne ke noma masa rake. Ko da aka haramta bauta a 1865, gidan bai fita daga kasuwa ba, sai dai ya riƙa sauya iyayen giji. A 1985 wani attajiri daga Ostireliya ya saye shi, a 2019 kuma aka sake sayar da shi a kan dala miliyan uku da 'yan kai. Ya zama masaukin baƙi da wurin shagalin aure, har gobara ta cinye shi a watan Mayu na 2025.

To, mai karatu, me ake sayarwa a nan? Dillali zai yaba ginshiƙai da matakala da inuwar manyan itatuwa. Amma wa ya buga tubalin? Wa ya sari raken da ya biya kuɗin ginin? A nan bakinsa kan mutu, domin kuwa ambaton bulala ba ya ƙara wa gida daraja.

Akwai wanda ya bi wata hanya dabam. Wani lauya, John Cummings, ya sayi gandun Whitney a wannan jiha, ya buɗe shi a 2014 a matsayin gidan tarihin bauta, aka zana sunayen bayi a jikin duwatsu.

Kada dai mu yi wa Amurkawa dariya, don laifi tudu ne. Nasarawa da Gandun Albasa a Kano, inda fuloti ke tsada kamar zinariya, gandayen sarki ne da bayi suka noma a ƙarni na 19. Mu nawa ne muka taɓa tambayar sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu?

A ganina sayen wuri ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sayi ƙasa a binne tarihin waɗanda suka zubar da gumi a kanta. Aikinmu ne, mu ɗalibai, mu je wurin jikokinsu da alƙalami da takarda tun tsofaffi ba su ƙare ba. Allah ya sa mu dace, amin.