Malaman Rawa: Daga Dandalin Tsauni Zuwa Dandamalin Samariya

A ƙauyukan ƙasar Matamaye, irin su Tsauni da maƙwabtanta da ke dab da iyakar Daura, in ka tambayi tsohuwa wa ya koya mata rawa, sai ta dube ka da mamaki. A saninta ba a koyon rawa, tashi ake yi a gan ta. Amma in ka zauna ka saurari yadda ake yi a da, za ka gane akwai makaranta, akwai malamai, har da horo, sai dai babu allo.

Makarantar ita ce dandali. Bayan an cire amfanin gona, gero ya shiga rumbu, dare ya yi farin wata, sai 'yan mata su fito bayan sallar isha'i su yi da'ira. Manyan suna tsakiya, zabiya na ba da waƙa ana amsawa da tafi. Ƙananan kuwa, 'yan shekara shida ko bakwai, suna can baya, wata goye da ƙaninta, idonta a kan ƙafar yayarta. Ba wanda zai ce mata ɗaga dama, sauke hagu. Za ta yi wata da watanni tana tafi kawai, sai tafinta ya daidaita da na sauran kafin a matsa mata ta shiga layi. A wasan gaɗa, inda yarinya ke faɗawa da baya ƙawayenta su cafe ta su cilla, darasin farko shi ne yarda da hannun 'yan'uwa. Wadda ta ji tsoro ta sandare, ita ce ke faɗuwa.

Babban malamin dai shi ne makaɗi. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, ganga ta yi magana, ta kira sunan yarinya da kirarin gidansu. In ta saɓa taki, ba ya tsayawa ya yi mata faɗa. Sai ya matso kusa da ita, ya sassauta kiɗan, ya yi ta nanata wurin da ta ɓata har ƙafarta ta kama, sannan ya ƙara wuta. Ni a ganina, samun malamin da ya fi wannan iya gyara ba tare da kunyata ɗalibi ba, sai an tona. Shi ma makaɗin gadon gidansu ne, ya fara da riƙe wa ubansa kuntukuru tun yana yaro. Sama da su duka akwai sarkin samari da shugabar 'yan mata, masu tsara wasa, masu raba rigima, masu kiran gayya in za a yi wa wani noma. Wannan tsari shi ake kira samariya, kuma ya girmi zuwan Nasara.

Malami na biyu gwamnati ce ta kawo shi. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rushe jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani, sai ya nemi hanyar da zai kai ga talakawa ba ta jam'iyya ba. Ya ɗauko samariya ya farfaɗo da ita a kowane gari da kowace unguwa. 'Yan samariya suka gina azuzuwan lakwal, suka dasa itatuwa, suka share tituna. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi, ana gasar waƙa da wasan kwaikwayo da kiɗa da abin da aka sa wa suna bale, wato rawar da aka tsara don 'yan kallo. Kafin ƙungiya ta kai can, sai ta yi nasara a ƙananan matakai: ƙauye ya kara da ƙauye, a zo Matamaye a tace, a wuce Damagaram a sake tacewa.

A nan ne mushe, wato malamin lakwal, ya shigo fagen. Yawancin masu shirya ƙungiyoyin nan malaman lakwal ne da jami'an matasa, kuma sun zo da kayan aikinsu: usur, agogo, da ƙidaya. Rawar da ake yi a da'ira, kowa na kallon kowa, sai aka buɗe ta ta zama sahu, fuska na duban alƙalai. Wasan da ke kaiwa har asuba aka matse shi cikin 'yan mintoci. Aka ɗinka anko, aka ce a shigo ta nan a fita ta can, aka ɗora wa rawar labari, na haɗin kan ƙasa ko na yaƙi da hamada ko na illar gudun ƙauye. Makaɗin da a dandali shi ke jan ragama, a dandamali ya koma gefe yana jiran a ɗaga masa hannu.

Wannan salo yana da asali. Tun shekarun 1930 ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na Afirka ta Yamma, ake sa su tattaro al'adun garuruwansu a lokacin hutu su mayar da su wasan dandamali. Daga cikinsu Keita Fodeba na Gini ya fito, wanda ƙungiyarsa ta Ballets Africains ta zagaya duniya, ta zama abin koyi ga ƙasashen da suka sami 'yancin kai a 1960.

Ba zan yi wa mushe butulci ba. Albarkacinsa ɗan ƙauyen Matamaye ya ga rawar Zabarmawa da ta Buzaye da ta Barebari ido da ido, su ma suka ga tasa. Albarkacinsa aka ɗauki raye-raye da dama a rediyo da talabijin, waɗanda da yanzu babu ko alamarsu. Damagaram ta yi suna a wannan zamani, musamman ta wajen wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa, har Ba'amurkiya Janet Beik ta rubuta littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda ya fito a 1987. Sai dai abin da usur ya kasa koyarwa shi ne zancen da ke tsakanin ganga da ƙafa, inda mai rawa ke tsokanar makaɗi da sabon taki shi kuma ya ba ta amsa nan take. Wannan ba ya shiga ƙidaya, don haka aka bar shi a gida.

Turawa ma sun sha muhawara kan yadda za a koyar da rawar gargajiya. A Ingila, Mary Neal ta gayyato William Kimber, magini mai rawar gargajiya daga Headington kusa da Oxford, ya zo Landan a 1905 ya koya wa 'yan mata masu aikin ɗinki da ke ƙungiyarta, su kuma suka koya wa wasu. Cecil Sharp, wanda suka fara tafiyar tare, ya ga cewa haka rawar za ta lalace. Shi ya fi son a rubuta kowane taki, a horar da malamai, a yi jarrabawa a ba da takardar shaida. Suka ɓata, ya kafa ƙungiyarsa a 1911, kuma hanyarsa ce ta yi rinjaye a makarantu. A Hangari kuwa, bayan shekaru ana kallon rawar ƙauye a dandamali cikin ado, sai matasan Budapest suka gaji da kallo. A watan Mayun 1972 suka buɗe abin da suka kira gidan rawa, suna kwaikwayon al'adar ƙauyen Szék na yankin Transilbaniya. Masani György Martin ya ba su hotunan motsi da ya ɗauko a ƙauyuka, makaɗa irin su Béla Halmos da Ferenc Sebő suka koyi kiɗan tsofaffin masu goge, malami ya tsaya tsakiyar da'ira da makaɗa a gefensa, kowa ya shigo ya koya yana yi. A 2011 UNESCO ta sa wannan hanya cikin jerin hanyoyin da suka fi kyau wajen raya al'ada. Duk wanda ya san dandalin Hausa zai gane ta da gani ɗaya.

A Nijar, Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 da zuwan jam'iyyu barkatai, samariyar gwamnati ta watse. Dandalin ma ya yi sanyi. Wa'azi ya yi tasiri, iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu mata su fita da dare, samari sun tafi cin rani Kano da Libiya da Aljeriya, a biki kuma lasifika da waƙoƙin fim sun fi makaɗi arha. Yarinyar Tsauni ta yau tana koyon rawa a wayar yayanta, tana tsayar da hoton ta koma baya ta sake kallo.

Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 ta tara kayan kiɗan gargajiya masu yawa, ta adana su. Amma takun rawa yana jikin mutane ne. Waɗanda suka yi rawa a gasar 1976 suna 'yan shekara goma sha biyar, yau sun haura sittin. Suna nan a ƙauyukan Matamaye, wasu na sayar da rake ranar kasuwa, wasu na renon jikoki, kuma su ne suka zauna a gaban malaman nan biyu, mai kalangu da mai usur.